Guntun Ganyen da na Ƙulle a Bakin Zani

Guntun ganyen yana nan har yau, a naɗe cikin 'yar takarda a shafin farko na littafina. Bai fi tsawon ƙaramin yatsana ba. Ya bushe ya koma kalar ruwan shayi, amma in na ɗaga shi saitin taga ina ganin inda haƙora suka shiga. Haƙoran 'yata ne. Ita ce ta fari, kuma sunan uwar mijina gare ta, saboda haka ko a nan ba zan rubuta sunanta ba.

Da aka kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi daga ƙauyenmu ban san kowa ba. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu da famfo ɗaya a tsakar gida. Maigidana adaidaita sahu yake ja, yana fita bayan sallar asuba, sai magariba ya dawo da ƙarar hanya a kansa, ko magana ba ya so. Masu ɗaki biyu ma'aikata ne, miji da mata duk fita suke yi, kwaɗo kawai nake gani a ƙofofinsu. Da hantsi ya yi gidan sai ya yi tsit, ban da ɗigar famfo da hon ɗin motoci daga titi.

Mu biyu muke wuni a gidan, ni da matar ɗakin ƙarshe. 'Yar kudu ce, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Tagwayenta suna makaranta, shi ya sa kowa yake ce mata Maman 'yan biyu. Ita kuwa Amarya take ce mini, har na haihu, har yarinyar ta fara tafiya, ban tashi daga Amarya ba. Ita ta nuna mini inda ake niƙa mai kyau. Ita ta riƙe mini jaririya ranar da na fara wanka ba Inna a kusa, ina wanka ina kuka ban san dalili ba.

Abin da ya ƙara haɗa mu gwaza ne. Da na je ganin gida bayan yarinyar ta shekara, Inna ta tono mini 'ya'yan gwaza uku daga bakin fadama, ta haɗa da ƙasarsu jiƙe ta ɗaure a buhu. Ta ce, "Ki sa a wani abu ki riƙa ba shi ruwan wanke-wanke. Ko ba ki ci ba kya riƙa ganin gida." Na zuba a wani tsohon bokitin roba da ya tsage ta gefe, na ajiye shi a lungu, jikin bango, kusa da kwata. Da damina ta sauka ya yi ganye faffaɗa har biyar.

Ita ma Maman 'yan biyu tana da nata a buhunan siminti biyar, a jere bakin ƙofarta. Nata ya fi nawa tsayi nesa ba kusa ba. Ganyen take tsinka ta yi miya da shi, abin da ban taɓa gani ba.

"Amarya, wannan gwazan naki irinki ne," in ji ta. "Kullum kai a ƙasa. Wa ya yi masa faɗa?"

"Tarbiyya ce, Maman 'yan biyu. Naki ne marar kunya, yana kallon mutane ido cikin ido."

"To marar kunyar ne yake shiga tukunya. Naki sai dai a gaishe shi."

Haka muke yi kusan kullum, tana yankan ganye a tire, ina tsintar shinkafa. A lokacin ban lura da wani bambanci ba ban da tsayi da kunnen ganye, sai kuma wannan: nawa yana sunkuyar da kai, nata yana ɗagawa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da hantsi, an yi ruwa da asuba. Ina ɗaki ina ninke kaya, yarinyar tana tsakar gida tana wasa da murfin kwano. Ta fara magana ke nan a lokacin, tana cewa "ruwa", tana cewa "ba ni", tana kiran Maman 'yan biyu "Biyu". Sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin ta yi irinta ba. Na fito na same ta a tsaye tsakiyar gida, baki buɗe, yawu yana zuba har ƙirji, tana yagar leɓenta da hannu ɗaya. Ɗaya hannun a dunƙule. Kafin in ɗauke ta leɓen ya fara tashi.

Na tsaya ina salati. Maman 'yan biyu ce ta fito da gudu da ɗaurin ƙirji, ta ƙwace ta, ta sa yatsa ta kwaso koren abu daga bakinta, ta wanke bakin a famfo, ta ɗura mata manja. Ta daka mini tsawa: "Ɗauko mayafinki! Tsayuwar me kike yi?" Ita ta tare mana adaidaita. A hanya na ɓamɓare hannun yarinyar da ƙyar, na sami guntun ganye a ciki. Ban san me ya sa ba, na ƙulle shi a bakin zanina.

A asibiti nas ta yi mana faɗa kan manjan, ta ce da ya sarƙe ta fa. Aka duba maƙogwaronta, aka ba ta magani, aka ce mu zauna a ga yadda numfashinta zai yi. Likita ya tambaye ni, "Wane ganye ta ci?"

Na kwance ƙullin na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce shi ba zai iya ganewa daga wannan ba, amma akwai shuke-shuke masu irin wannan cizon, in je gida in nemo shi in raba shi da yara. Ya ce kumburin zai sauka in Allah ya so.

Maigidan ya iso bayan azahar, Maman 'yan biyu ta tafi ɗauko tagwaye daga makaranta. Ya ga fuskar 'yarsa, harshe ya cika baki, ya juyo kaina.

"Kina ina?"

"Ina ɗaki."

"Kina ɗaki. Me ta ci?"

Na nuna masa. Guntun kunnen ganye ne, mai tsini. Ganyen gwazana kunnuwansa zagayayyu ne. Na Maman 'yan biyu masu tsini ne kamar kan mashi. Kuma ina jin tsoro, kuma idonsa yana kaina. Sai na ce, "Ya yi kama da na Maman 'yan biyu."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce nata ne ba. Na sha maimaita wa kaina wannan daga baya, bai taɓa rage mini komai ba.

Da yamma aka sallame mu. Maigidan ya tsaya da mijin Maman 'yan biyu a ƙofar gida, ban ji abin da suka ce ba, na dai ji muryar maigidan ta ɗaga sau ɗaya. Washegari da safe na ji ƙarar adda. Na leƙa ta labule. Maman 'yan biyu ce take sare shukokinta da kanta, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja buhunan zuwa bola a bakin layi. Buhu biyar, sahu biyar. Ta share wurin tas ta shige ɗaki. Nawa bokitin ba wanda ya kalla. Gwaza ai abinci ne, kowa ya san shi.

Kwana biyar yarinyar ba ta yi magana ba. Tana buɗe baki sai iska ta fito. Koko mai sanyi kawai take iya haɗiya, da cokali, kaɗan-kaɗan. Nakan zaunar da ita a cinyata in ce, "Ce ruwa. Ce ruwa mana," sai ta kalle ni kawai. Na riƙa lissafa kurame da bebayen da na sani a ƙauyenmu, ina tuna yadda aka ce kowannensu ya fara. Ba wanda zan gaya wa. Da, da na buga ƙofar ƙarshe. Yanzu in mun haɗu a famfo sai "Ina kwana", "Lafiya lau, ya mai jiki", shi ke nan. Ta daina ce mini Amarya. Ba ta sa mini wani suna ba, ta dai daina kira.

Rana ta shida yarinyar ta nuna kofi ta ce "ba ni", da wata murya kamar ta tsohuwa. Na yi sujada a kan siminti.

Ya kamata hankalina ya kwanta daga nan, amma bai kwanta ba. Ranar da aka zubar da buhunan, da na je zubar da shara, na tsinko ganye ɗaya daga cikinsu, da ɗan kan gwazan guda, na ɓoye a leda. Ina so in tabbatar wa kaina ban yi ƙarya ba. Da yarinyar ta samu sauƙi na shimfiɗa ganyen a kan tire, na ɗora guntun a kan kunnensa. Tsinin ya yi daidai. Sai na ɗaga su biyun saitin rana.

Ganyen Maman 'yan biyu yana da wata jijiya siririya da ta bi bakinsa ta zagaye, kamar yadda tela yake kalmashe bakin zani ya bi da ɗinki. Guntun ba shi da wannan ɗinkin. Jijiyoyinsa a sarƙe suke kamar komar masunta, har bakin ganyen. Na juya, na sake juyawa, na jiƙa shi da ruwa ko zai fito. Babu.

Na je na duba gwazana ganye-ganye. Ba wanda aka gutsura, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. Na duba bayan famfo, bakin kwata, ƙofar gida. Ba wani kore a gidan sai gansakuka.

A nan tsoro na biyu ya shige ni, wanda ya fi na farko daɗewa. Abin da ya ciji 'yata yana nan wani wuri, ban san shi ba, ita kuwa ta san inda yake. Na daina sauke ta. Ina girki tana bayana, ina wanki tana bayana, har bayan gida da ita nake shiga. Tana zillo tana dukan kafaɗata, yarinyar da ta saba yawo. Majanyi ya yi mini sawu a ƙirji. Maigidan ya ce, "An zubar da abin, me kuma ya rage? Ki bar yarinya ta sha iska." Ban iya gaya masa ba. In na faɗa, sai in faɗi abin da na yi wa matar mutane.

Na yi tunanin ko iska ce ta kawo shi, ko wani ya shigo da shi a kaya. Sai na fara fita. Nakan ce za ni awo ko niƙa, in bi layi-layi da goyo ina kallon ƙofofin gidaje. Ban taɓa sanin unguwar tana da ganye haka ba. A bakin wani kanti akwai mai fari-fari a jiki kamar an watsa masa nono. A wani gida mai baƙin get akwai mai jan tsakiya kamar an sa masa lalle. Akwai mai hawa bango. Inda na ga ya leƙo waje sai in tsinki ɗaya in cusa a mayafi kamar ɓarauniya. Wata rana wani maigadi ya ce, "Hajiya, magani ne?" Na ce e.

A aji huɗu aka cire ni daga makaranta, amma ina da wani littafin rubutu da ban taɓa amfani da shi ba. Ganye in ka bar shi haka nan yanƙwanewa yake yi ya naɗe. Na gano in na sa shi tsakanin takardun da ake naɗo ƙosai, waɗanda mai bai taɓa ba, na tura ƙarƙashin katifa ta wajen da maigidan yake kwanciya, kwana huɗu zuwa biyar sai ya fito a miƙe, jijiyoyinsa duk a bayyane. Masu kauri sukan yi fumfuna in ban canja takarda ba, na yi asarar da yawa kafin in gane. Manya kuwa ba sa shiga littafin, sai in yanki kunne ɗaya da wurin da kara ya kama, in zana sauran da biro.

Da suka yi yawa sai na ga ba a zube suke ba. Wasu karan yana kama su ne a ciki, ta ƙasan ganyen, ya bar ɗan tabo a sama. Waɗannan na ce musu masu cibiya. Gwazan Inna yana cikinsu, da mai lallen nan, abin da ya ba ni mamaki. Wasu karan yana kama su a daidai tsagar da ke tsakanin kunnuwa biyu. Waɗannan masu tsaga, na Maman 'yan biyu yana nan. Wasu ba su da kunne sam, kamar mai nono. A ƙarƙashin kowanne na rubuta inda na samo shi da abin da na gani: ko ruwa yana tsayawa a kansa ya yi ƙwallo ya gangara, ko yana jiƙa shi, ko ruwan jikinsa fari ne ko garau, ko yana da ɗinkin baki. Ina ɗiga ruwan kowanne a cikin hannuna, wajen da fata take da laushi, in jira. Kusan duka sun yi mini ƙaiƙayi. Har gwazan Inna, ɗanye, ya yi. Mai nono ya fi kowa, har da wari, wurin ya kwana biyu yana zafi.

Rubutuna ba kyau, wani ma ni kaɗai nake iya karantawa. Amma wannan aikin shi ne kaɗai abin da nake yi a wunin da ba jiran magariba ba.

Wajen Tarauni, a bakin titi, akwai masu sayar da shuke-shuken ado a leda da tukwane. Na daɗe ina wucewa kafin in yi ƙarfin halin tsayawa wurin wani dattijo mai farin gemu da yake ban ruwa da gwangwani.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa 'yata. Wacce za a ba ki?"

"Ba saye na zo ba. Tambaya ce."

"Tambaya ta fi ciniki yawa a nan. Zauna, kin sha rana da goyo."

Na buɗe masa littafin. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya bi shafi-shafi bai yi dariya ba. Da ya zo kan masu cibiya ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce shekararsa talatin cikin shuke-shuken nan bai taɓa lura mai jan nan cibiya gare shi ba. Ya tashi ya je ya ɗaga ganyen nasa ya duba, ya dawo yana girgiza kai.

Shi ya gaya mini duk dangi ɗaya ne. Ya ce ba a ganye ake gane zumuncinsu ba, a fure ne: dukkansu furensu kamar yatsa ne guda a tsaye, da ɗan mayafi ya lulluɓe shi ta baya. Ya ja ni wurin wani rabin duro da ruwa a ciki, ya ɗago kainuwa ya buɗa tsakiyarta da farce. Ga wani ɗan abu fari, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da mayafinsa. Ya ce, "Wannan ma 'yar'uwar gwazanki ce." Na yi dariya, rabon da in yi tun kafin Talatar nan. Kainuwar da muke turewa da ƙwarya in za mu ɗebi ruwa.

Ya ce malaman jami'a sukan zo wurinsa. Suna da ɗaki guda, in ji shi, ba komai a ciki sai busassun ganye a manne a takarda, kowanne da sunansa da inda aka samo shi da wanda ya samo. In aka kawo wanda bai yi daidai da ko ɗaya ba, sai su auna shi, su zana, su rubuta kamanninsa tun daga saiwa, su jira furensa, sannan su raɗa masa suna. "Abin da kike yi ke nan," ya ce, "sai dai su ana biyansu."

Sannan na kwance guntun. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ba na ado ba ne. Ba na sayar da shi, ban kuma ga mai sayarwa ba. Wannan na daji ne. Ku da wa kuka je daji?"

Na ce ba mu je ko'ina ba.

Kwana uku bayan nan na gan shi. Ina shara da safe, na sunkuya in kwashe abin da ya taru a lungun bokiti, sai ga wani ɗan ganye siriri ya leƙo ta tsagar robar, ta gefen bango, ƙasa-ƙasa, inda babba ba zai gani ba sai ya durƙusa. Sabo ne, bai gama warwarewa ba. A gefensa ga guntun wani tsohon kara da aka fizge, ya bushe. Daidai tsayin hannun yarinya.

Ban taɓa shi ba sai da na ɗauko littafin. Kunne mai tsini. Jijiya kamar koma. Ba ɗinkin baki.

Na kifar da bokitin a tsakar gida. A cikin ƙasar, tsakanin 'ya'yan gwaza, ga wani dunƙule da saiwoyi farare masu kauri kamar yatsu. Tun daga fadamarmu yake kwance a ciki, yana shan ruwan wanke-wanken da nake ba shi da hannuna.

Na kira wayar ƙanin babana aka kai wa Inna. Na kwatanta mata. Ta ce, "Af, kinciya ce. Ita ce ta bi ƙasar? Ai cike take a bakin fadama, ko awaki ba sa taɓawa. Mutanen da sun ci ta lokacin yunwa, amma sai an dafa an zubar da ruwan, an sake, an sake." Ta tambayi jikin yarinya, na ce da sauƙi. Ban gaya mata sauran ba. Ita ma da ta sani ba za ta yi barci ba.

Ranar na sauke yarinyar daga bayana. Ta tsaya tana tangaɗi kamar ta manta ƙasa, sannan ta ruga. Ƙofar ƙarshe ta nufa, tana buga ta da tafin hannu tana cewa "Biyu, Biyu."

Maman 'yan biyu ta buɗe. Ta kalli yarinyar, ta kalli ƙasar da na baza a tsakar gida, ta kalle ni da littafi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofarta na buɗe shafin. Na nuna mata nata da ɗinkinsa, na nuna mata guntun, na nuna mata sabon ganyen. Ina ta yi mata bayanin jijiya.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na ciro shi daga bakinta. Shekara nawa ina yanka ganyena, ba zan san shi a yatsana ba? Kuma ƙananan duk na tsinke ranar Lahadi na yi miya. Waɗanda suka rage sun fi ƙarfin hannunta."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa, tana shafa bayanta. Ta ce, "In faɗa wa wa? Mijinki yana tsaye a ƙofa, maƙwabta sun fara leƙowa. Yarinya ba ta magana. A ce matar nan 'yar kudu ta shuka abu a gida, ɗiyar mutane ta ci. Ke kina ganin in na ce ba nawa ba ne, wa zai je ya duba jijiya?" Ta kalle ni. "Na zaci ke za ki ce a tsaya a duba. Ke kin san ni."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ya raya yarinya. Ta sauke ta, ta ce tana da wanki.

Da magariba na gaya wa maigidan duka, ban rage ba. Ya tashi ya sa takalmi ya je ya yi sallama da mijinta. Na ji suna cewa ba komai, ba komai, ai ya wuce. Gwazan Inna kuwa ya ce in fitar da shi. Ban yi musu ba. Na dafa 'ya'yan, ba su yi girman kirki ba, muka ci da gishiri da yaji.

Kinciyar na kai wa Baba mai shuke-shuke a leda. Ya sa ta a tukunya a bayan rumfarsa inda yara ba sa zuwa. Daga baya ya ce wata malama daga jami'a ta gani, ta ɗauki hoto, ta tambayi sunan ƙauyenmu da irin ƙasar wurin. Ta ce ta san danginta, amma irinsu suna da yawa kuma suna kama da juna, ba za ta ce ga wacce ba ce sai ta ga fure, shi kuwa a farkon damina yake fitowa, a ƙasa, kafin ganye. Damina biyu ke nan kinciyar ba ta yi fure ba. A shafinta na rubuta sunan da Inna ta faɗa, na bar wurin zanen furen.

Ɗan kan gwazan da na tsinto a bola na dasa shi a buhun siminti. Da ya yi ganye uku na ja shi har ƙofar Maman 'yan biyu na ajiye. Ta riƙa ba shi ruwa, na gani. Muka koma gaisawa da ɗan tsawo, takan tambayi Inna, takan ba yarinyar biskit. Amma ba ta ƙara fito da tirenta tsakar gida ba, a ɗaki take yankan ganye. Sau ɗaya, tana shanya, ta ce, "Amarya, miƙo mini," sai ta tsaya, ta je ta ɗauko abin da kanta.

Bayan Kirsimeti aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka tashi. Na tafi ganin gida lokacin. Da na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofar ƙarshe, buhun kuma a bakin tawa ƙofar, an ɗora shi a kan bulo huɗu, yadda hannun yaro ba zai kai ba.

Yana nan, ya fi ni tsayi yanzu. Wadda ta kama ɗakin ma'aikaciya ce, fita take yi. Yarinyar ta shiga makaranta, surutu har sai na ce ta yi shiru, akwai ƙaninta a bayana. Da hantsi gidan yakan yi tsit kamar da. Wani lokaci nakan tsinki ganye biyu masu taushi in wanke in ɗora a tire, sai in tuna ban san minti nawa take dafa shi kafin cizon ya fita ba, ko kanwa take sawa, ko ruwan farko take zubarwa. Na zauna kusa da tukunyar nan ya fi sau hamsin ina tsokanarta, ban taɓa tambaya ba. Sai in sa ganyen a takarda in tura ƙarƙashin katifa.